Gani Ya Kori Ji? Nazari Kan Amincin Hoton CT Da MRI Wajen Gano Ciwon Daji

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma da wuya a sami wurin da wannan magana ta samu gindin zama a yau kamar asibiti. Da zarar an shigar da majinyaci cikin na'urar ɗaukar hoto an fito da shi, sai dangi su ɗauka magana ta ƙare, ko dai an ga abin, ko kuwa ba a ga kome ba. Manufar wannan maƙala ita ce a auna gaskiyar wannan ɗauka dangane da na'urori biyu da likitoci suka fi jingina da su wajen binciken ciwon daji, watau CT da MRI. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, hoto yana bayyana siffar ƙari da girmansa da mazauninsa, amma galibi ba ya iya faɗin halinsa. Sa'an nan amincinsa yana hawa yana sauka gwargwadon tambayar da aka yi masa da kuma irin mutumin da aka ɗauka.

Kafin a yi nisa ya kamata a rarrabe kalmomi biyu. A nan ƙari na nufin duk wani dunƙulen nama da ya tsiro inda bai kamata ba. Daji kuwa, ko sankara, ko kansa kamar yadda aka fi ji a bakin mutanen birni, shi ne ƙarin da ke cin naman da ke maƙwabtaka da shi, ya kuma yi ƙaura zuwa wasu sassan jiki. Ba kowane ƙari ne daji ba, kuma a kan wannan bambanci ne dukkan zancen zai gudana.

Abin Da Kowace Na'ura Take Aunawa

Tun shekarar 1895 da Bajamushen nan Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire likitoci suke leƙa cikin jiki ba tare da sun tsaga shi ba. Matsalar hoton eksire ita ce inuwa ce guda, wadda ƙashi da tsoka da hanji suka hau kan juna a cikinta. Godfrey Hounsfield, wani injiniya na kamfanin EMI a Ingila, shi ya yi dabarar kewaya jiki da hasken daga kowace kusurwa, a bar kwamfuta ta haɗa lissafin ta fitar da hoton jiki yanka-yanka, kamar an yayyanka burodi. An fara gwada na'urarsa a kan majinyaci ranar 1 ga Oktoba, 1971, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, a kan wata mata da ake zaton tana da ƙari a ƙwaƙwalwa. A 1979 aka ba shi kyautar Nobel tare da Allan Cormack.

Abin lura shi ne CT abu ɗaya tak take aunawa, watau yawan hasken da kowane nama ya tare. An tsara ma'aunin ne da sunan Hounsfield: ruwa yana kan 0, iska tana kan −1000, kitse wajen −100, ƙashi kuwa daga ɗaruruwa har ya zarce 1000. Saboda haka ta gwanance a huhu, inda ɗan ƙululu ke fitowa fari a tsakiyar baƙar iska, da kuma ƙashi. Amma hanta da ƙarin da ke cikinta, ko tsoka da ƙarin da ya tsiro a jikinta, lambobinsu kusa da juna suke. Shi ya sa ake yi wa majinyaci allurar wani ruwa mai aidin a jijiya, don a ga yadda jini ke shiga nama yana fita.

MRI kuwa ba ta amfani da hasken eksire ko kaɗan. Maganaɗisu ne mai tsananin ƙarfi, wanda a yawancin manyan na'urori yake kai tesla 1.5 ko 3, tesla 1.5 ya ninka ƙarfin maganaɗisun duniya kusan sau 30,000. Wannan ƙarfi yakan jera ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwa da kitsen jiki, sai a kaɗa su da igiyar rediyo, a saurari yadda suke komawa mazauninsu. Tun da kowane nama da irin saurin komawarsa, na'urar tana rarrabe nama mai laushi fiye da CT nesa ba kusa ba. Ƙwaƙwalwa da laka da mahaifa da ƙarshen hanji duk fagenta ne. Sai dai tana cin lokaci, minti ashirin zuwa arba'in ko fiye, alhali CT ta zamani daƙiƙoƙi kaɗan ke isar ta.

Tarihin MRI kansa yana ɗauke da darasin wannan maƙala. A 1971 wani likita a Amurka, Raymond Damadian, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan ɓeraye, inda ya nuna cewa naman daji yana jinkirin komawa fiye da lafiyayyen nama. Fatan da aka yi a lokacin shi ne an samu awon da zai ce wannan daji ne, wancan ba daji ba ne, ba tare da wuƙa ba. Fatan bai cika ba, domin an tarar kumburi da ƙarin da ba shi da lahani su ma suna nuna irin wannan jinkiri. Abin da ya ɗore shi ne hanyar mayar da awon ya zama hoto, wadda Paul Lauterbur ya bayyana a 1973, Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham ya inganta, har suka raba kyautar Nobel a 2003.

Fuska Biyu Ta Aminci

In aka ce na'ura abin dogaro ce, tambaya biyu aka cusa cikin ɗaya. Ta farko, cikin masu cutar nawa take kamawa? Ta biyu, cikin marasa cutar nawa take wankewa? Na'ura na iya ƙwarewa a ɗaya ta gaza a ɗayar, kamar maigadin da ɓarawo ba ya wuce shi, amma kowane baƙo ma sai ya ɗaure.

Akwai kuma abu na uku da mutane ba su cika lura da shi ba, kuma shi ya fi muhimmanci ga majinyaci. Bari mu ƙaddara, don lissafi kawai, akwai na'urar da ke kama 90 cikin kowane masu cuta 100, tana kuma yi wa 10 cikin kowane lafiyayyu 100 ƙage. In aka ɗauki mutum 1000 a kasuwa, waɗanda 10 kaɗai ke da cutar, za ta kama 9, ta kuma yi wa 99 ƙage. Ke nan cikin mutum 108 da aka ce an ga abu a jikinsu, 9 ne kawai ke da daji. Amma in mutum 1000 ɗin daga ɗakin likita aka turo su, rabinsu na da cutar, na'urar nan dai za ta kama 450, ta yi wa 50 ƙage, watau tara cikin goma na waɗanda ta nuna gaskiya ne. Na'urar ba ta canja ba, mutanen da aka kawo mata ne suka canja.

Wannan ba zancen takarda ba ne kurum. A 2011 aka buga sakamakon wani babban gwaji a Amurka wanda ya ƙunshi mutum 53,454, 'yan shekara 55 zuwa 74, dukkansu waɗanda suka daɗe suna shan taba ƙwarai. An riƙa yi wa rabi hoton huhu da CT mai rangwamen haske, rabi kuma eksiren ƙirji. Mace-mace ta dalilin dajin huhu ta ragu da kashi 20 cikin 100 a ɓangaren CT, wanda ba ƙaramar nasara ba ce. Amma kusan ɗaya cikin kowane hotuna huɗu ya nuna abin zargi, kuma kashi 96 cikin 100 na waɗannan daga baya an tabbatar ba daji ba ne. Mai karatu ya tuna kuwa waɗannan mashaya taba ne, waɗanda cutar ta fi yawa a cikinsu. Ina ga wanda ke ƙalau, bai taɓa busa sigari ba, ya biya kuɗi a yi masa hoton jiki duka don kawai hankalinsa ya kwanta? A ganina wannan ya fi kusa da sayen fargaba da kuɗinsa.

Cututtukan Da Ke Shigar Burtu

A ƙasashenmu akwai ƙarin wata matsala. Yawancin ƙa'idojin karanta hoto an tsara su ne a Turai da Amurka, inda tarin fuka ya yi ƙaranci. A Nijeriya da Nijar kuwa tarin fuka na nan, kuma gwani ne wajen kwaikwayon daji. Yakan bar ƙululu a huhu mai kama da ƙari. Yakan yi dunƙule a ƙwaƙwalwa wanda a hoton MRI zai fito da zobe mai haske kewaye da shi, daidai da yadda wasu nau'o'in daji ke fitowa. Yakan ci ƙashin baya kamar dajin da ya yi ƙaura. In ya kama rigar ciki ta mace, cikin ya tara ruwa, hoton CT na iya zama tamkar na dajin ƙwan mace da ya bazu, har gwajin jinin da ake kira CA-125 shi ma ya hau. Matar da aka yanke wa ƙauna bisa hoto alhali magungunan wata shida za su warkar da ita, an yi mata babbar asara. Akasin haka ma yana faruwa, kuma wataƙila ya fi yawa: a yi ta ba mai dajin huhu maganin tarin fuka wata da watanni saboda inuwar ta yi kama, har lokacin tiyata ya wuce.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai dajin da hoto ba ya gani. Wanda ya fara a fatar cikin tumbi ko hanji ko bakin mahaifa shimfiɗe yake tun yana sabo, bai yi tudun da CT za ta kama ba. Sai an zura bututu mai fitila an duba da ido. Haka dajin mafitsara, wanda a yankunan da tsargiya ta yi katutu ake yawan samu, leƙawa cikin mafitsarar ita ce madogara. Sai kuma kaluluwa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, kaluluwar da kaurinta ya wuce santimita ɗaya abar zargi ce. To amma kaluluwa takan kumbura saboda ƙurji ko wata cuta mai sauƙi, kuma ƙarama wadda ba ta kai rabin haka ba tana iya ƙunsar ƙwayoyin daji. Girma kawai ake aunawa, shi kuwa girma shaida ce mai rauni.

Don haka ne har gobe hukuncin ƙarshe a yawancin nau'o'in daji yana hannun likitan da ke duba nama a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sai an tsakuro ɗan nama an yanka shi siriri an rina, sa'an nan a san ko daji ne, wane iri ne, kuma wane magani zai ji. Hoto ba ya ba da wannan amsa ta ƙarshe, ita kuwa ce ke zaɓen magani.

Inda Hoto Ya Fi Amfani

Kada mai karatu ya ɗauka rage darajar na'urorin ake yi. In an daina tambayarsu "mene ne wannan?" aka koma tambayarsu "ina yake, ina kuma ya kai?", amincinsu sai ya ɗaga ƙwarai. CT ta ƙirji da ciki ita ke nuna ko daji ya isa huhu ko hanta, abin da ke raba wanda tiyata za ta amfana da wanda za ta wahalar a banza. MRI ita ke nuna ko dajin ƙarshen hanji ya kusanci iyakar da likita zai yanka, don a san ko za a fara gasa shi da haske kafin tiyata. Ita ce kuma ke auna nisan da dajin bakin mahaifa ya yi. Gashin da ake yi wa daji da haske ma a kan hoton CT ake zana taswirarsa.

Sa'an nan hoto jagoran allura ne. Misali mafi kyau shi ne furostet, 'yar ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. A dā likita yakan soka allura wurare goma ko goma sha biyu bisa tsari, da fatan ya dace da inda cutar take. A 2017 aka buga wani bincike na Ingila mai suna PROMIS, inda aka yi wa maza 576 gwaje-gwajen duka aka kwatanta. MRI ta kama kashi 93 cikin 100 na dajin da ke da haɗari, tsohuwar hanyar allura kuwa kashi 48 kacal. Amma wajen wanke marasa irin wannan daji, MRI kashi 41 ta samu, allura ta samu 96. Ga fuskokin nan biyu a fili. Abin da likitoci suka ɗauka daga nan shi ne a fara da hoto, in ya nuna wuri a kai allura can, in kuwa bai nuna kome ba wasu mazan a iya ɗaga musu ƙafa ana sa ido.

Hanta: Inda Aka Yarda Da Hoto Shi Kaɗai

Akwai wuri guda da ƙa'idar nan ta nama take da togiya, kuma ya shafe mu kai tsaye, domin dajin hanta na cikin waɗanda suka fi kisa a Afirka ta Yamma. Manyan dalilansa a nan su ne ciwon hanta nau'in B, wanda da yawa ke ɗauka tun suna ƙanana, da kuma dafin funfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi.

Hanta tana shan jini ta hanya biyu. Kusan kashi uku cikin huɗu yana zuwa ne ta babbar jijiyar da ke tasowa daga hanji, sauran kuma ta jijiyar da ke kawo jini daga zuciya. Dajin hanta kuwa kusan kacokan daga ta zuciyar yake sha. To in aka yi allurar ruwan hoto aka ɗauka cikin kusan rabin minti, lokacin da ruwan ya iso ta jijiyar zuciya, ƙarin zai haskaka fiye da hantar. In aka sake ɗauka bayan minti ɗaya zuwa 'yan mintoci, hantar ta cika da ruwan, shi kuma ƙarin ya dushe. Wannan haskawa da dushewa, a ƙarin da ya kai girman da aka ƙayyade, alama ce mai ƙarfi har likitocin Turai suka amince cewa ana iya yanke hukunci da hoto ba tare da tsakuro nama ba, kuma a 2011 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar da tsarin LI-RADS don daidaita karatun.

Amma a dubi sharaɗin. An yarda da wannan hukunci ne kawai ga mutumin da aka riga aka san yana cikin haɗari, kamar wanda hantarsa ta ƙeƙashe ta yi tabo. In hoton nan dai aka gani a hantar lafiyayyen mutum, ba a yanke hukunci da shi, sai an ɗebi nama. Lissafin nan ne na mutum 1000 ya dawo: a hantar da ta ƙeƙashe daji ya yi yawa har alamar ta zama hujja, a lafiyayyar hanta kuwa ƙarin da ba shi da lahani ya fi yawa. Ashe ko a inda aka fi amincewa da gani, sai da ji ya riga shi, watau tarihin majinyaci da sakamakon jininsa. Daɗin daɗawa, in ma'aikaci ya yi kuskuren 'yan daƙiƙoƙi wajen ɗaukar hoton farko, alamar ta ɓace ke nan, ko da na'urar sabuwa ce fil.

Mai Karanta Hoto, Da Farashin Ɗaukarsa

Hoto ba ya karanta kansa. CT guda ta ciki na iya ƙunsar yanka ɗaruruwa, kuma ido yana gajiya. A 2013 wasu masu bincike a Amurka suka liƙa ɗan hoton goggon biri a cikin CT ta huhu, girmansa ya ninka matsakaicin ƙululu sau 48, suka ba ƙwararrun likitocin hoto 24 su nemi ƙululu. Kashi 83 cikin 100 ba su lura da birin ba, ko da yake idon yawancinsu ya sauka a kansa. Ido abin da aka aike shi nema yake gani. Wannan ya sa takardar da likita ke rubutawa zuwa ɗakin hoto take da nauyi; in ya rubuta "ciwon ciki" kawai ya sa hannu, ya aiki mai karatu kasuwa ba tare da ya faɗa masa abin da zai sayo ba.

Na'urorin ma ba ɗaya suke ba. CT ta fara aiki a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan a 1987. Wani ƙidaya da aka buga a 2018 ya sami na'urorin MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Nijeriya, kuma mafi yawansu a lokacin masu ƙaramin maganaɗisu ne. Alƙaluman PROMIS da na'urori masu tesla 1.5 aka samo su, don haka ba daidai ba ne a jingina su ga hoton da aka ɗauka da na'urar da ba ta kai rubu'in wannan ƙarfi ba.

Game da lahani, eksiren ƙirji yana ba jiki kimanin milisibat 0.1 na haske, CT ta ƙirji kuwa wajen 7, alhali abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama a shekara, a matsakaicin lissafin duniya, 2.4 ne. Ga dattijon da ake zargin yana da daji wannan ba abin tsayawa ba ne. Ga yara ne ake taka-tsantsan: wani binciken Birtaniya na 2012 ya ƙiyasta cewa cikin kowane hoton kai 10,000 da aka yi wa yara 'yan ƙasa da shekara goma, za a sami ƙarin mutum ɗaya mai dajin jini da ɗaya mai ƙarin ƙwaƙwalwa cikin shekaru goma. MRI ba ta da wannan, amma maganaɗisunta yana fizgar ƙarfe, don haka dole a tambayi majinyaci ko akwai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jikinsa. Kuma tun 2006 aka gane cewa wasu nau'o'in ruwan gadoliniyam da ake yi mata allura da shi suna cutar da masu ciwon ƙoda mai tsanani.

Saura magana ɗaya da ta shafi ɗaliban harshe. Rahoton hoto da Turanci ake rubuta shi, kuma cike yake da matakan zato. Tsarin karatun furostet, alal misali, hawa biyar ne, daga 1 mai nufin da wuya ƙwarai a ce akwai daji mai haɗari, zuwa 5 mai nufin ana kyautata zaton akwai. Amma sau da yawa ɗan'uwa ko ma'aikacin jinya ne ke yin tafinta a bakin gado, sai hawa biyar ɗin su dunƙule su koma biyu, "an gani" da "ba a gani ba". Hausa ba ta rasa kalmomin ba: akwai da wuya, da mai yiwuwa, da ana zargi, da ana kyautata zato, da an tabbatar, kuma wannan ta ƙarshe, ban da irin togiyar hanta, ta rahoton nama ce. Hawa na 3 shi ya fi ba tafinta wuya, domin ma'anarsa ita ce hoton bai karkata ko'ina ba, kuma majinyacin da ya sayar da akuyarsa ya biya kuɗin hoto ba ya son jin cewa sai an sake wani gwajin.